Kadarkon unguwarmu: yadda muka tsallake na gida, dole ta maido mu gare su

Wanda ya ji an ambaci gada a Damagaram zai iya yin mamaki, tunda ba mu da kogi. Garin da ya yi suna wajen ƙishirwa, inda mata ke kwana a bakin famfo da jarkoki a watan Afrilu, me zai yi da gada? Wanda ya taɓa yin damina a nan ba zai yi wannan tambayar ba. Zinder, wato Damagaram ta Nijar, a kan dutse take zaune. Ruwan da ke sauka a shekara bai wuce kimanin milimita 400 ba, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zubowa, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya, cikin sa'a ɗaya ko biyu. Ƙasa ba ta iya shanye shi. Sai ya gangaro daga kan duwatsu ya haɗu a kwari, ya kwashi yashi da leda da rassa da duk abin da ya tarar a hanya. Kwarin da ka ratsa da hantsi ƙafarka ba ta jiƙe ba, kafin la'asar ya kai wa babban mutum ƙirji.

Irin wannan kwarin ne ya raba unguwarmu gida biyu. Muna cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen gari. Makarantar boko da ɗakin shan magani da ƴar kasuwa suna ɓangaren gari, gidaje masu yawa da makabarta suna tsallake. Ni ne magatakardan kwamitin unguwa tun daga lokacin da aka fara maganar gada har aka gama ta, littafin zaman taro yana hannuna, daga cikinsa nake rubuta wannan. Ba zan kama sunan kowa ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata mata da naƙuda ta kama da dare a tsakiyar Agusta. Aka ɗora ta a amalanke, aka zo bakin kwari, ruwa ya cika shi fal. Nan suka tsaya har asuba, tana jin kiran salla daga masallacin da ke ɓangaren gari, ba hanyar zuwa. Allah ya sa ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Zane biyu

Bayan daminar 2022 wata ƙungiya daga wani gari na Turai, wadda ta daɗe tana hulɗa da mutanen nan, ta ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin aikin. Suka ƙara da albishir: wani babban ofishin zanen gine-gine na ƙasarsu, wanda ya yi suna wajen gadoji, ya yarda ya zana mana tamu kyauta. Mutum biyu suka zo lokacin sanyi, suka yi kwana uku. Mutane ne masu ladabi, sun sha shayi da matasa, sun gaida mai unguwa yadda ya kamata. Suka auna kwarin da na'ura, suka tashi ƙaramin jirgin ɗaukar hoto yara suna binsa da gudu. Kwarin kuwa a bushe yake ƙayau, awaki na kwance a cikinsa.

Da zanen ya iso, gaskiya ya yi kyau. Farar gada ta ƙarfe, an lanƙwasa samanta kamar baka, igiyoyin ƙarfe sun sauko suna riƙe da ita kamar tsirkiyar molo, daben ragar ƙarfe ne da kake hango ƙasa ta cikinsa, ga fitilu masu aiki da hasken rana. Kafin magariba hoton ya zagaya wayoyin unguwa. Wani yaro ya ce mini, "Malam, yanzu mu ma za a riƙa zuwa wajenmu ɗaukar hoton biki."

A zama na gaba sai ga mutum biyu sun nemi a ba su dama su yi magana. Ɗaya yarinya ce haifaffiyar unguwar, wadda ta yi karatun zanen gine-gine a makarantar Lome da ƙasashenmu suka haɗu suka kafa, ta dawo tana zana wa ƴan kasuwa gidaje da shaguna. Ɗayan tsohon magini ne, abokin mahaifinta, wanda ya gaji sana'ar a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaurin guga da gyaran zanko, daga baya zamani ya sa ya koyi aikin siminti. Takardunsu ba su da launi. Abin da suka kawo shi ne: a matsar da mashigar sama kaɗan, kamar taku ɗari, inda dutse ya fito fili a gaɓa biyu, a yi gada gajera mai faɗi, ta kankare, da manyan bakuna uku da ruwa zai wuce da sharar da ya ɗauko, a gina bangayen gefe da duwatsun garin nan, a jera duwatsu cikin ragar waya a gaba da baya don kada ruwa ya ci gindinta. Faɗinta ya isa amalanke ta wuce ɗan kabu-kabu bai sauka ba.

Tsohon bai yi dogon bayani ba. Ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a taso a gani." Muka bi shi har bakin kwari. Ya dafa wata tsamiya ya nuna mana wani tabo sama da kafaɗarsa, inda ruwa ya taɓa kaiwa. Sannan ya taka zuwa inda baƙin suka kafa turakunsu, ya soka sandarsa a yashi ta nutse. Ya ce, "Nan da suka sa ƙafar gadarsu, ina yaro gonar gero ce. Kwarin can yake, wajen waccan kukar. Tafiya yake yi. Duk damina sai ya ci wannan gefen ya tofar a wancan. Wanda ya zo da rani ba zai ga tafiyarsa ba."

Dalilin da ya sa ba mu saurare su ba

Nan ne nake so in daɗe, domin da sauƙi a ce mutanenmu son abin Turawa ne kawai ya rufe musu ido. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne.

Wani Alhaji, ɗan kasuwa mai faɗa a ji, wanda kuma ba ya ƙyashin fitar da kuɗinsa don unguwa, shi ya fara tambaya: "Ɗiyata, gada nawa kika taɓa ginawa?" Ta ce ko ɗaya. Ya juyo wajenmu ya ce, shi ya ga kwalbatin da ƴan gida suka yi a hanyar ƙauyensu, damina biyu ta yi ta rufta, saboda buhun siminti goma aka rubuta, huɗu aka zuba. Ba wanda ya musa masa, don kowa a zauren yana da irin wannan labarin. Rashin yardar da ke tsakaninmu ba daga sama ta faɗo ba. Mutum ya fi amincewa da baƙon da bai sani ba a kan ɗan gidan da ya san wanda zai raba kuɗin da shi.

Matasa kuma nasu dalilin daban ne. Sun ga yadda aka yi wa gari kwalliya lokacin Zinder Sabuwa, shirin bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garin nan a 2018, amma kwalliyar ba ta iso unguwarmu ba. Suna son abin da za su nuna su ce namu ne. Ɗaya daga cikinsu ya kawo misalin Yamai: gadar Kennedy ta 1970 da kuɗin Amurka aka yi ta, ta biyu ta 2011 da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché ta 2021 aikin ƴan Sin ne. Ya ce in babban birni bai ji kunyar kiran baƙi ba, mu su wane ne?

Yarinyar ta amsa a natse. Ta ce kogin Kwara daban, kwarin unguwa daban. Gadar Kennedy ta haura mita 700, tamu kuwa jifa ɗaya ce. Sannan ta ce babban suna ba ya hana kuskure. A Landan, gadar masu tafiya a ƙafa da ofishin Norman Foster ya zana tare da manyan injiniyoyi an buɗe ta a Yunin 2000, kwana biyu aka rufe ta saboda tana lilo in mutane suka cika ta, ba a sake buɗe ta ba sai Fabrairun 2002. A Banis ta Italiya, gadar 2008 da mashahurin mai zane Santiago Calatrava ya zana an yi matakanta da gilashi, mutane suka yi ta zamewa suna faɗuwa, a 2019 kotu ta ci shi tarar Yuro 78,000, daga baya hukumar garin ta yanke shawarar cire gilashin a sa dutse. Ta ce waɗannan garuruwa suna da kuɗin gyara kuskuren manya. Mu in aka yi mana kuskure, da shi za mu zauna.

Ta kuma tuna mana da namu. Falke Barmu, manomi kuma magini, shi ya gina masallacin Yama a jihar Tawa da ƙasa, aikin da ya samu lambar Aga Khan a 1986. Mariam Kamara, ƴar Nijar, ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasar wurin, yau ƙasashen waje ke nemanta ta zana musu. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar ƙauyensu Gando ya fara, a 2022 ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan sana'a. Alhajin ya saurara har ta gama, ya ce, "Duk masallatai da makarantu kika lissafa. Ruwa ba ya bi ta ƙarƙashinsu." Maganarsa tana kan hanya, ita ma ta yarda. Ta ce lissafin nauyi da ƙarfin ruwa aikin injiniya ne, ba za ta ɗora dutse ɗaya ba sai injiniya ya sa hannu.

Kwamiti ya ba ta izini ta rubuta wa ofishin baƙin tambayoyinta, ni na aika. Ta tambaya: jaki zai yarda ya taka daben da yake hango rami ta cikinsa? Ƙarfen da ya sha ranar watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yaro mara takalmi zai iya taka shi? Wa zai sake fenti, da wane kuɗi? In aka kwance ƙusa aka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, a wace kasuwa za a samo irinta? Amsar ta zo cikin mutunci. Suka ce za su mayar da daben na katako. Tsohon magini da ya ji, sai ya ce, "To, gara ta gode, masu neman itacen girki ma sun gode." Game da wurin kafa ginshiƙi kuwa, suka ce za a zurfafa tushe. Sun yi iya ƙoƙarinsu daga nesa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa ba su taɓa kwana a ɗakin ana ruwa ba.

Abin da ya yanke maganar takarda ce. Sharuɗɗan masu ba da kuɗin sun ce wanda zai jagoranci aikin sai ya nuna shaidar ya taɓa yin irinsa sau da dama, kuma banki ya tsaya masa. Ba don mugunta suka rubuta haka ba, kuɗin jama'arsu suke karewa. Amma da wannan layi ɗaya an fitar da duk wani mai zane da ke zaune a Damagaram. Kuɗin da zanen a ƙulle suke wuri ɗaya: in ka ɗauki wannan ka ɗauki wancan. Aka ce a ɗaga hannu. Zanen waje ya yi rinjaye da nisa. Hannuna yana cikin waɗanda aka ƙirga, ina tuna matar da ta kwana a bakin kwari, ina ganin gadar da ke da kuɗi a bayanta ita za ta fi saurin tsayuwa.

Damina biyu babu gada

Ranar 26 ga Yulin 2023 aka yi juyin mulki. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: ƙasashen Turai da dama suka dakatar da tallafi, iyakar Benin ta rufe, tashar Kwatano da ƙarfen zai bi ta zama ba hanya. Wasiƙa ta zo cewa an jingine aikin sai abin da hali ya yi. Muka rataye hoton farar gadar a zauren mai unguwa.

Daminar 2024 ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Duk ɗan Damagaram ya ji wannan a jikinsa. A unguwarmu gidaje suka faɗi, yaran tsallake kuma in an yi ruwa da dare sai dai a tsaya da su a gaɓa a jira ya janye. Da ruwa ya ɗauke muka je duba kwari. Turakun da baƙin suka kafa babu su, gaɓar da suke kai ma babu ita, ruwa ya cinye ta ya shiga cikin gona. Wajen dutsen da tsohon ya nuna kuwa yana nan yadda yake.

Har a lokacin akwai masu cewa rushewar masallacin ta nuna aikin gargajiya ba ya jure ruwa. Tsohon ya ji zafin wannan magana. Ya ce ginin da ya haura shekara 170 a tsaye ba a ce masa rago. Ya ce soro kamar doki ne, kullum yana son hannu: a yi masa yaɓe, a share indararo, a kore ruwa daga gindinsa. Kuma shi bai ce a yi gada da laka ba.

Mai unguwa ya aika aka kira yarinyar da tsohon magini. Na yi zaton yarinyar za ta tuna mana abin da ya wuce. Ta gaishe da kowa, ta ce, "Baba, takardun suna nan, sai dai a sake awo, don kwarin ya sauya."

Yadda aka yi aikin

Kuɗin karo-karo ne. Kowane gida da abin da aka yanka masa, ƴan unguwa da ke Kano da Agadas da wuraren haƙar zinariya suka aiko, Alhajin nan da ya fi kowa tambaya shi ya fi kowa bayarwa, da sharaɗin a riƙa ƙirga buhunan siminti a gaban jama'a duk Juma'a bayan an sauko. Aka yi hakan, ni ke karantawa. Wani injiniyan hanyoyi ɗan gari ya duba lissafin, ya ƙara kaurin ƙarfen da za a sa a daben, ya ce a haƙa har sai an taɓa dutse ko da za a yi wata guda ana haƙa. Simintin na Malbaza ne. Duwatsun daga hannun masu fasa dutse na bayan gari, amalanken shanu suka yi ta jigila. Ranar Lahadi gayya, mata suna kawo ruwa da kunu, kuma a garin nan da rani ruwan kwaɓa kankare da na shayar da shi kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne, mun raina shi a lissafin farko.

Ba a rasa saɓani ba. Tsohon ya so a yi bakunan da bakan dutse zalla, babu ƙarfe, yadda ya san ana ɗaure soro. Injiniya ya ƙi, ya ce ba zai sa hannu a abin da bai iya lissafa ƙarfinsa a gaban ruwa mai gudu ba. Yarinyar ta bi bayan injiniya. Tsohon ya yi kwana uku bai zo ba. Ita ta je har gida ta durƙusa ta ce, "Baba, ciki na injiniya ne, waje naka ne." Ya dawo. Bangayen dutsen da abin dafawa na gefe duk aikin hannunsa ne, ya zana musu irin adon da ke fuskar gidajen Birni, dagi da sauransu, ya koya wa samari huɗu yadda ake zaunar da dutse a kan ɗan'uwansa.

Kuɗi bai kai baki uku ba, aka yi biyu. Saboda haka aka ƙera ta yadda in ruwa ya yi yawa ƙwarai zai haura ta sama ya wuce ba tare da ya ɗauke ta ba. A daminar 2025 hakan ya faru sau ɗaya, aka jira kamar sa'a guda. Kuskure ma an yi: bangon da ke tare gaɓa ta gabas ya gajarta, ruwan farko ya zagaya bayansa ya fara rarake ƙasa. Ita ta fara gani, da sassafe, ta zo ta faɗa da bakinta cewa awonta ne bai kai ba. Cikin mako ɗaya samarin da tsohon ya koyar suka ƙara bangon, aka jera wasu duwatsun cikin raga. Ba a rubuta wa kowa wasiƙa ba, ba a jira jirgin ruwa ba.

Gadar ba ta kai hoton da ke zaure kyau ba, wasu matasan har yau suna faɗin haka. Amma amalanke na wucewa da buhunan gero, ƴan ga-ruwa na tura kurarsu, an kai gawa makabarta ana yayyafi.

Ban ɗauki mutanen da suka zana mana farar gada a matsayin abokan gaba ba, kuma akwai aikin da dole a kira wanda ya fi ka kayan aiki. Amma ko Faransa, da ta kira Foster Baturen Ingila ya zana siffar babbar gadar Millau da aka buɗe a 2004, injiniyanta Michel Virlogeux ɗan ƙasa ne. Mu a namu tsarin na farko, ɗan gida ba shi da wurin zama sai na ɗaukar tsakuwa. Da an ce baƙin su duba lissafin yarinyar nan su gyara mata, da an haɗa kuɗinsu da idon tsohon, da tun 2023 an fara haƙa a wurin da ya dace. Abin da ya fi damuna shi ne ba hujjarsu ce ta sa muka koma gare su ba. Hujjar tana gabanmu tun ranar da sanda ta nutse a yashi. Sai da ƙofar waje ta rufe muka waiwayo.

Kuma tambayar Alhaji tana nan tana jiranta a duk inda ta je neman aiki: gada nawa kika taɓa ginawa? Yanzu tana da ɗaya, sai dai da yake aikin gayya ne ba kwangila ba, ba ta da takardar shaidar kammalawa da ake nema a haɗa cikin takardun neman aiki. Akwai wani kwarin a unguwar da ke gaba da mu, an fara maganar yi masa gada, ta ce tana so ta nema. Na rubuta bayanin aikinmu tun daga awo har gyaran bangon gabas, injiniya ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, tsohon ya dangwala yatsa. Ranar Litinin zan kai ofishin da abin ya shafa in ji ko za su karɓa.